RCD Na Yawan Yanke Wuta? Abin Dubawa Kafin Ka Sayi Sabuwa

Idan RCD, wato na'urar kariya da ke yanke wutar lantarki idan ta yi yoyo, ta fara yawan yanke wutar gida, kada ka yi gaggawar cire ta ko musanya ta da mai babbar lamba. Aikinta shi ne auna wutar da ke fita ta layif da wadda ke komowa ta niyutural. Da zarar ta ga giɓi, ta san wuta na yoyo zuwa ƙasa, sai ta yanke. Mai miliamfiya 30 (miliamfiya ma'aunin ƙaramar wuta ce), wadda ake sa wa don kare rai, takan yanke ne tsakanin 15 da 30.

A nan ne yawancin matsalar take. Kwamfuta, firji mai inbata, injin wanki, kowanne yana ɗan yoyo ko da lafiyarsa ƙalau. Idan RCD ɗaya ce ke ɗauke da layukan gida duka, wannan yoyon yakan taru har ya cika mata ciki. Ƙa'idar masu sana'a ita ce kada yoyon yau da kullum ya wuce kashi 30 cikin ɗari na lambar RCD ɗin, wato miliamfiya 9 ga mai 30.

Kafin ka kashe ko sisi, cire filogin kowane kaya daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin niyutural na nan a haɗe. Ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, don ka gane wanda ke sa RCD ɗin yankewa. Hitar ruwa da soket na waje da damshi ya shiga su ne aka fi kamawa. In abin ya ƙi, mai gyaran wuta ya kama layif da niyutural tare da mitar maƙalawa (mitar da ake maƙala wa waya) don auna yoyon, sannan ya gwada rufin wayoyi da bolt 500. Idan awon ya nuna ƙasa da megom 1 (ma'aunin yadda rufin ke tare wuta), wannan alama ce ta waya mai lahani. Ya kuma duba ko niyutural ya taɓa wayar ƙasa, ko layuka biyu suna raba niyutural ɗaya.

Sai zaɓi. RCD guda ga dukan gida ta fi arha, amma laifin layi ɗaya yakan jefa kowa cikin duhu. RCBO kuwa ta haɗa bireka da RCD a jiki ɗaya, kowane layi da tasa. Ta fi tsada, amma ita muka fi ba da shawara, don yoyo ba ya taruwa, kuma layin da ke da laifi shi kaɗai zai mutu.

Duba nau'in da ke rubuce a jikinta. Nau'in AC tsohon yayi ne, kayan zamani na iya makantar da shi, ya kasa gane yoyo. Nau'in A ya dace da yawancin gidaje, F ga injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki masu inbata, B kuma ga cajar mota da wasu inbatocin sola. Mai miliamfiya 100 ko 300 wutar gobara take tarewa, ba ta kare wanda wuta ta kama. Kada a sa ta a madadin mai 30.