Jalinus a bakin Culpeper: littafin ya yi, bugun ne da saura

Mako biyar na jira kafin littafin nan ya shigo hannuna, shi ma sai da wani ɗan'uwa ya sako mini shi a jaka daga Landan. Sabon bugu ne na Galen's Art of Physick, fassarar Ingilishi da Nicholas Culpeper, wani Baturen Ingila mai maganin ganyaye, ya fitar a 1652. Irin bugun nan ne da ake ɗaukar hoton tsohon kwafi shafi-shafi, a ɗinke, a sa a kasuwar intanet.

Bari in fara da ƙorafi, don na biya kuɗina. Kamfanin da ya buga bai ko duba abin da ya fito daga injinsa ba. Wani shafin tawada ta cinye shi baƙi ƙirin, wani ya koɗe kamar an wanke allo, akwai kuma inda aka datse gefe har ƙarshen kalmomi ya tafi. A shafi guda ma ga inuwar yatsan wanda ya danne takardar. Ga harafin s na wancan zamani, dogo siriri, wanda ido ke ɗauka f. Kwana biyu na yi ina tuntuɓe da shi, sai da na koma karantawa a bayyane kafin bakina ya saba.

Amma da na wuce wannan, sai na kasa ajiyewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun ina yarinya nake jin sunan Jalinus a bakin kakana idan ya buɗe littattafansa na ɗibbu. Shi ne Galen ɗin, haifaffen Fergamon a shekara ta 129, garin da yanzu ke cikin Turkiyya, wanda ya zama likitan sarki Markus Aureliyus a Rum. A littafin nan ya raba jiki uku: mai lafiya, mara lafiya, da wanda ke tsakani. Wannan na ukun ya tsaya mini a rai, don kullum muna ganin su a asibiti, gwaji ya ce ƙalau, mutum ya ce shi dai jikinsa ba daidai ba. Daga nan sai ya bi ƙwaƙwalwa, zuciya da hanta, yana faɗin alamar mai zafi da mai sanyi, busasshiya da mai danshi. Mai zazzafar zuciya, a wurinsa, numfashinsa babba ne, bugun jijiyarsa da sauri, ba ya da tsoro, ƙirjinsa cike da gashi. Na yi dariya a nan, na kuma tuna yadda tsofaffinmu ke cewa sanyi ya kama wane.

Abin da ya sa kuɗin bai tafi a banza ba shi ne Culpeper kansa. Mutumin ba ya iya yin shiru. Jalinus ya gama magana, sai ya tsoma baki da nasa sharhin, ya lissafo ganyaye, ya jawo taurari, ya yi wa likitocin zamaninsa habaici. Dama yana da tsohuwar jiƙaƙƙa da su: a 1649 ya juya kundin magungunan Kwalejin Likitoci ta Landan daga Latin zuwa Ingilishi ba da yardarsu ba, don talaka ya san abin da ake ɗura masa. A Spitalfields, wata unguwa a Landan, yake duba marasa hali. Ya rasu a 1654 yana da shekara 37.

Wani abu da ya ɗaure mini kai: William Harvey, wani likitan Ingila, ya riga ya bayyana yadda jini ke kewaya jiki tun 1628, shekara 24 kafin wannan fassara, amma nan ciki hanta ce uwar jijiyoyin jini kamar yadda Jalinus ya bari. Saboda haka kada wani ya ɗauko shi ya ce zai yi wa ɗansa magani da shi, don Allah.

Ɗalibin tarihin likitanci zai more. Mai son saye ya nemi a turo masa hoton shafukan ciki kafin ya biya, ba bango kaɗai ba. Nawa kwafin tun a mako na biyu takardun tsakiya suka fara zazzagowa, yanzu da roba nake ɗaure shi.