Sharhi kan ɗan littafin zaurancen 'yan golf

Ɗan littafin aljihu ne da ya tattara kalmomin Turanci da 'yan wasan golf ke jefa wa juna a fili. Bai wuce tafin hannu ba, yana shiga jakar sanduna ba tare da ya tare wuri ba, kuma raɓa ba ta jiƙa bangonsa. Rubutun dai ƙanana ne ƙwarai, mai raunin ido zai sha fama.

Inda ya fi burge ni shi ne babin ƙidaya. Ya fara da "faa", wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa rami, yawanci uku, huɗu ko biyar. Ka rage bugu ɗaya, ka yi "badi", ɗan tsuntsu ke nan. Ka rage biyu, "igul", gaggafa. Ka rage uku, "albatros", babban tsuntsun teku, wanda Amurkawa ke kira gaggafa biyu. Tsuntsun na ƙara girma, bajintar na ƙara wuya, kuma da littafin ya jera su haka ban sake rikita su ba. Har ya kawo cewa an haifi kalmar "badi" a wani filin wasa na Atlantik Siti a Amurka, ya kuma tuna albatros ɗin da Gene Sarazen, ɗan wasan Amurka, ya yi a rami na 15 a babbar gasar Masters ta 1935. Labarin "bogi" ma yana da daɗi: a Birtaniya can da, sunan makin ɗan wasa mai kyau ne, yanzu kuwa bugu ɗaya sama da faa, abin da ba a so.

Sashen barkwanci ya sa ni dariya ni kaɗai. Wanda ya yi bugu 8 a rami guda an ce ya gina mutumin ƙanƙara, saboda siffar lambar. Ƙwallon da ta nutse rabi cikin yashi soyayyen ƙwai ce. Rami na 19, alhali 18 ne kawai a fili, shi ne wurin hutawa bayan wasa. Akwai kuma "shank", bugun da ke kuɓucewa gefe, wanda wasu 'yan wasa ba sa ko son a ambata, don camfi.

To amma akwai sauran rina a kaba. Littafin ya zuba kalmomin doka da na raha a kwando ɗaya, bai rarrabe ba. Ga "maligan", sake bugu kyauta idan na farko ya lalace: tsakanin abokai ne kawai, dokar wasa ba ta san da shi ba, littafin kuma bai ce uffan ba. Haka "gimi", a ce maka ɗauki ƙwallonka tunda ta kusa rami. Wannan ya halatta in ana karawa rami da rami tsakanin ɓangarori biyu, amma a gasar da ake ƙirga jimillar bugu dole ƙwallo ta shiga. Sabon shiga da ya dogara da shafin nan zai kwashi hukunci a gasarsa ta farko. Ita kuwa "foo", ihun gargaɗi in ƙwallo ta nufi mutane, an cusa ta can tsakiya kamar wata kalmar wasa, alhali ita ya kamata a fara koya.

Sannan littafin tsohon bugu ne. Tun 2019 hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin golf, suka sabunta dokoki: lokacin neman ƙwallon da ta ɓata ya koma minti 3 daga 5, ana kuma sakin ƙwallo daga tsayin gwiwa maimakon kafaɗa. Littafin yana nan kan tsohon tsari.

Mai kallon gasa a talabijin da ke son gane masu sharhi, zai wadatar da shi. Mai shirin shiga gasa kuwa ya haɗa da littafin dokoki na yanzu, ya kuma duba shekarar da aka buga littafin kafin ya saya.