Cire saifar kare: a buɗe ciki, a yi ta kyamara, ko a yanke ɓangare kawai?

Idan likitan dabbobi ya yi wa karenka sikanin ya ce akwai ƙari a saifa, ko ya ce jini ya taru a cikinsa, ba kasafai ake ba ka kwana biyu ka je ka yi shawara ba, wani lokacin ko awa ɗaya ba ka samu. Shi ya sa gara mutum ya san hanyoyin da ake da su tun ranar ba ta zo ba. Ni dai ra'ayina shi ne girman tabo ba shi ne abin dubawa ba, halin da karen yake ciki shi ke zaɓar irin tiyatar, kuma in kuɗinka ba za su kai ga komai ba to gara ka zuba su a ƙarin jini da sa ido bayan aiki da gwajin saifar, ba a ƙaramin yanka ba.

Saifa tana gefen hagu na ciki, doguwa ce mai faɗi, a haɗe da tumbi. Tana tace jini, tana kwashe tsofaffin ƙwayoyin jini, tana ajiye wani ta sako shi in jiki ya buƙata, tana kuma taimaka wa garkuwar jiki. Kare na iya rayuwarsa lafiya lau ba ita, hanta da sauran gaɓoɓi su ɗauke yawancin aikin. Wahalar tana wajen jijiyoyin jinin da ke shiga cikinta, suna da yawa, kuma babbar jijiyar kafin ta iso saifa tana ba da reshe ga fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, sannan wasu ƙanana su wuce zuwa tumbi. Duk hanyoyin da za a lissafa maka abu guda suke ƙoƙarin yi, a rufe waɗannan jijiyoyi da sauri ba tare da an yanke wa maƙwabta jininsu ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce buɗe ciki. Ana kwantar da karen rigingine a aske masa ciki, a tsaga ta tsakiya daga ƙarshen ƙashin ƙirji har a wuce cibiya, in ƙarin babba ne ma a ƙara tsawon yankan don kada a matse shi ya fashe wajen fitowa. Mutane na jin haka sai gabansu ya faɗi, amma gaskiya wannan ce hanyar da ta fi ba likita iko. Yana gani da idonsa, yana sa hannu ya danne jijiyar da ke tsiyaya, ya zuƙe jinin da ya taru, ya duba hanta da hanji da kitsen da ke lulluɓe su ko cutar ta yaɗu, in ya ga wani ƙullutu a hanta ya ɗan gutsuro a kai gwaji. Karen da aka kawo dadashinsa ya yi fari fat, ciki ya kumbura, yana haki ya kasa tsayuwa, to wannan babu ma maganar zaɓi, a ɗaura masa ruwa da jini a buɗe shi. Illarta ita ce ciwon ya fi yawa a kwanakin farko kuma ɗinkin dogo ne, sai an tsare shi sosai.

A cikin buɗe cikin ma akwai bambanci, kuma nan ne masu kare ba sa tambaya alhali nan ne ya kamata su tambaya. Wani likitan zai bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya dab da jikin saifar yana ɗaure kowace da zare sau biyu yana yankewa a tsakani. Aiki ne mai kyau, yana barin jinin tumbi da na fankiriyas yadda suke, ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, sai dai yana cin lokaci don ƙananan jijiyoyin na da yawa. Wani kuma zai ɗaure manyan kawai a wurare kaɗan, a ƙasan inda reshen fankiriyas ya rabu, wannan ya fi sauri kuma an nuna cewa tumbin kare mai lafiya na ci gaba da samun isasshen jini, amma fa sai likitan ya gane reshen nan da kyau, in ya ɗaure a samansa ɓangaren fankiriyas na iya rasa jini. Akwai na'urar da ke matse jijiya da ƙananan ƙarafa biyu ta yanke a tsakiya a lokaci guda. Sai kuma wadda ni na fi so in ji asibiti na da ita, na'urar liƙe jijiya da matsi da wutar lantarki, irin su LigaSure, da ke iya rufe jijiya mai kaurin da ya kai milimita 7 ba tare da an bar zare a ciki ba. Amfaninta lokaci ne, kuma ga karen da jininsa ke tsiyayewa kowane minti da aka rage masa a ƙarƙashin maganin barci riba ce. Ban ce wanda ke aiki da zare bai iya ba fa, ƙwararren hannu da zare ya fi sabon hannu da na'ura nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta kyamara, lafaroskofi kenan. Ana huda ƙananan ramuka biyu ko uku, ko rami ɗaya mai ɗan faɗi, a hura iskar kabon dayoksaid cikin ya ɗaga, a zura siririyar kyamara da dogayen kayan aiki, likita na kallon allo yana liƙe jijiyoyin. Akwai kuma ta tsaka-tsaki, a duba ciki da kyamara sannan a ɗan tsaga a janyo saifar waje a ƙarasa aikin a can. Ciwo ya fi sauƙi, karen ya fi saurin miƙewa, tabo ƙarami. Duk wannan gaskiya ne, to amma ka tuna saifar dole ta fito, ba ta narkewa a ciki, don haka a ƙarshe sai an faɗaɗa rami ɗaya gwargwadon girmanta, kuma ya kamata a sa ta a jakar roba tun a ciki kafin a jawo ta don kada ƙwayoyin cutar kansa, wato ciwon daji, su goga a bakin yankan. In ƙarin ya wuce santimita 5 zuwa 6 ko saifar ta kumbura sosai, yankan da za a yi don fito da ita ya kusa kai na buɗe ciki, ribar ta tafi kenan. Kuma in ciki cike yake da jini kyamara ba ta ganin komai, iskar da ake hurawa ma tana ƙara wa zuciya da numfashi nauyi a jikin da dama ya galabaita. Wanda ta dace da shi shi ne karen da aka gano masa ƙaramin ƙari ana cikin duba wani abu daban, yana cin abincinsa yana wasansa. Ta fi tsada, ba kowane asibiti ke da kayan ba, kuma ka tambaya tun da wuri ko an shirya komawa buɗe ciki in jini ya ɓalle a tsakiyar aiki, don hakan na faruwa kuma ba gazawa ba ce.

Yanke ɓangare a bar saura kuwa yana da daɗin ji amma wurinsa kaɗan ne, kamar rauni daga bugun mota da ya taɓa gefe ɗaya. In dai ana zargin kansa ba a yin sa. Inda aka yanke ma na iya ci gaba da tsiyayar jini, shi ya sa likitoci da yawa suka gwammace su cire duka a huta.

Akwai kuma murɗewar saifa, inda take juyawa a kan jijiyoyinta jini ya shiga ya kasa fita ta yi ta kumbura. An fi ganin wannan a manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su Giret Den da Jaman Shefad. A nan buɗe ciki ake yi, kuma ba a warware murɗin kafin a cire, a murɗen ake ɗaure ta, don in an warware gurɓataccen jinin da ya daɗe a ciki da gudajinsa za su kwarara cikin jiki. Irin waɗannan karnuka su ne kuma tumbinsu ke murɗewa, don haka likitoci da dama kan ɗinke tumbin a jikin bangon ciki a lokaci guda tunda dama an riga an buɗe. Masana ba su gama yarda da juna ba kan ko cire saifa na ƙara haɗarin murɗewar tumbi, amma ga kare mai zurfin ƙirji da jikinsa ke ɗaukar maganin barci lafiya ni kam zan ce a yi, ƙarin mintoci kaɗan ne.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Babu hanyar tiyatar da ke canza abin da ƙarin yake. Likitoci na da wani tsohon ƙiyasi cewa kusan biyu bisa uku na ƙarin saifar kare cutar kansa ce, kuma biyu bisa uku na waɗannan hemanjiyosakoma ce, kansar jijiyoyin jini da ta fi kama tsofaffin Jaman Shefad da Goldin Ritiriba da Labrado. Ƙiyasi ne fa ba hukunci ba, ƙarin da aka gano tun bai fashe ba sau da yawa ba kansa ba ne, wani dunƙulen jini ne kawai, a cire shi karen ya warke sarai ya ƙara shekaru. In kuwa hemanjiyosakoma ce, da tiyata kaɗai yawanci wata 1 zuwa 3 ake samu, in an haɗa da maganin kansa irin doksorubisin a kai wajen wata 4 zuwa 6, kaɗan ne ke cika shekara. Abin takaicin shi ne sikanin ba ya bambance su, ido ma ba ya bambancewa ko an buɗe, girman ƙarin ma ba hujja ba ne. Sai an kai ɗakin gwaji an duba a madubin likita. Don haka kar ka yarda a jefar da saifar, kuma ka roƙa a aika da ita gaba ɗaya in zai yiwu, don ɗan guntu na iya faɗawa kan daskararren jini kawai a rasa kansar da ke gefensa. Kafin tiyatar ma, in lokaci ya ba da dama, a ɗauki hoton ƙirji a duba huhu, a yi sikanin zuciya don wannan kansar na son ɓangaren dama na zuciya. In an ga ta riga ta bazu, to tambayar ta tashi daga wace hanya za a bi ta koma anya a yi ma kuwa, kuma wanda ya zaɓi a sauƙaƙa wa karensa wahala bai yi laifi ba.

Abin da zan fi matsa wa asibiti da tambaya a kai shi ne daren farko da na biyu. Kuna da jini a ajiye ko karen da za a ɗiba? Akwai mai kwana da shi? Kuna da na'urar duba bugun zuciya? Bayan cire saifa bugun zuciyar kare kan rikice a kwana ɗaya zuwa uku na farko, musamman wanda ya zubar da jini da yawa, sau da yawa yana daidaita da kansa amma wani sai an ba da magani, kuma ba a gane shi da ido. Ɗauri na iya zamewa jini ya dawo, gudan jini na iya toshe wata jijiya. Asibitin da ke buɗe ciki da zare amma yana da jini da mai gadin dare, wallahi ya fi mini wanda ke da kyamara amma ya kulle ƙofa da yamma.

In an sallamo shi, kwana 10 zuwa 14 ba gudu ba tsalle ba hawa bene, a sa masa abin wuyan nan na roba don kar ya lashe ɗinkin, ko da ta kyamara aka yi kuwa. Ka riƙa ɗaga leɓensa safe da yamma kana duba dadashi, ruwan hoda ake so, in ya koɗe ko ciki ya fara tasowa ko ya yi laƙwas ka mayar da shi nan take ko tsakar dare ne. Sannan maganin kaska ya zama dole har ƙarshen rayuwarsa, don saifa ce ke danne cututtukan jini irin babesiya da kaska ke kawowa, in babu ita wadda ta daɗe a kwance a jikinsa ma tana iya tasowa, saboda haka in ya taɓa yin ciwon kaska a baya ka gaya wa likitan tun kafin a shiga ɗakin tiyata.