Alƙalamin Baba a baje kolin Landan

Alƙalamin Baba ne ya kai ni wurin. Parker 51 ne baƙi mai murfin ƙarfe, wanda na taso na tarar yana sa hannu da shi a takardun ofis. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, sai da ya shekara 20 a ƙasan akwati, ko ɗigo ba ya fitarwa. Wani abokin aikina a nan Landan ne ya ce in kai shi baje kolin masu tara alƙaluman tawada da ake yi a wani otal a yammacin birnin. Ran Lahadi na shirya na tafi.

Na yi zaton zan tarar da tsofaffi biyar suna gyangyaɗi, sai na ga zaure cike maƙil. Tebur bayan tebur, alƙaluma jere a cikin faifai masu shimfiɗar kilishi, kamar layin 'yan gwal. Ga tsofaffin Ingila irin su Conway Stewart da Swan da Onoto, ga Pelikan na Jamus, ga Lamy 2000 da bai sauya kama ba tun 1966. Can gefe kwalaben tawadar Diamine ta Libaful, wadda ake haɗawa tun 1864, launi-launi har ido ya gaji.

Ban tsaya kallo ba, na nufi teburin wani dattijo mai gyara. Ya karɓa da hannu biyu, ya manna gilashin ƙara girma a ido, ya juya shi ya nuna mini "Made in England" a jikinsa, rubutun da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce samfurin ya fara fitowa a 1941, amma irin na Baba, mai 'yar jakar roba da ake matsawa ta tsotsi tawada, daga 1948 ne zuwa sama, kuma robar ba kasafai take mutuwa ba. Ya ɗan hura masa iska mai ɗumi, ya murɗe hular da ke rufe bakin a hankali, ya tsoma kayan cikin a ruwa. Sai ga ruwan ya rine shuɗi mai duhu. Tawadar da Baba ya zuba ta ƙarshe ce ke narkewa a gabana. Na ɗan kau da kai. Dattijon bai ce uffan ba, ya ci gaba da wanki.

Kafin ya bushe na zaga wurin wata mata mai feƙe bakin alƙalami da ɗan injin wasawa. Na ce mata ina rubuta ajami, kuma alƙaluman kanti ba sa ba ni abin da na gamba ke ba ni a makarantar allo. Nan take ta gane. Akwai wata fiƙa da ake yi, inda jan kwance ke fitowa da kauri, na tsaye siriri, wasu ma bakin Larabci suke ce mata. Ta sa na yi rubutu a gabanta don ta ga yadda nake karkata hannu, sannan ta wasa wani Pilot mai faɗin baki da na saya a wurin. Ta miƙo, na gwada, ta karɓe ta sake gogawa, har sau uku. Da na tambaye ta ko zan iya zuba tawadarmu ta gida, sai ta zaro ido: duk tawada mai ƙaro toshe alƙalami take, a bar ta a kurtu.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Hanyoyin da ke tsakanin tebura ƙunci gare su, ga zafi, ga hasken da ba ya nuna aibin kaya. Da yawa ba su rubuta kuɗi a jikin kaya, sai ka tambaya, wani kuma sai ya gama ƙare maka kallo kafin ya yanka. Ciniki dai ana yi, amma a tausashe, ba irin namu na "albarka" da juya baya ba. Ni ma na sha: na sayi wani tsohon Swan cikin ɗoki, sai da na iso gida na ga tsaga siririya a bakin murfinsa. Rabin laifin nawa ne, tunda na ga kowa da gilashinsa a wuya, ni na je da ido tsirara.

Wanda zai je, ya yi sammako. Masu feƙe baki takarda suke ajiyewa a rubuta suna, kuma da na sake giftawa bayan azahar tata ta cika. Ya riƙe takardar da ya saba rubutu a kanta, domin ta gwaji santsi gare ta, kowane alƙalami sai ya yi kyau a kai. Ya kuma riƙe tsabar kuɗi, don wasu tsofaffin ba ruwansu da kati.

Da daddare na cika na Baba da shuɗiyar tawadar Quink, na rubuta wa Yaya wasiƙa zuwa Kano, shafi biyu. Bakin ya riga ya ci daidai karkatar hannun Baba, don haka sai na ɗan murɗa wuyan hannuna hagu kafin ya yarda ya tafi sumul.