Kwangila, Jinga ko Biyan Yini: Wa Za Ka Damƙa wa Ginin Gidanka?

Ka mallaki fuloti, ka tara abin da ya sawwaƙa, sai batun fara aiki. A nan mutane kan shafe makonni suna tambayar farashin siminti, na Dangote ne ko na BUA, amma ba sa zama su yanke shawarar yadda za su biya masu aikin. Ta wannan kafar kuɗi suka fi zurarewa. Hanyoyin dai uku ne: ka ba ɗan kwangila komai, ko ka sayi kaya da kanka ka ba da jinga, ko ka riƙa biyan kuɗin yini.

Biyan yini ya yi daidai da katanga ko gyaran banɗaki. A kan gida sukutum kuwa, sai dai in kana tsaye a wurin tun safe har la'asar, domin wanda ake biya da yini ba shi da dalilin yin sauri.

Kwangila ta fi dacewa da wanda ke zaune a Abuja, Legas ko wata ƙasa yana gini a garinsu. Alhaki na wuyan mutum ɗaya, idan rufi ya yi yoyo ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ribarsa tana cikin farashin, wannan kuma halalinsa ne. Sai dai in da baki aka yi cinikin, kuma ka matse shi sosai, zai nemo ribar a inda ido ba ya kaiwa: rodi mai milimita 12 a ginshiƙin da zane ya ce 16, kwaɓin da aka yi wa ƙwauron siminti, siririyar waya a cikin bango. Saboda haka a rubuta komai. A sa mai ƙididdigar kayan gini ya fitar da adadin kowane abu da nau'insa. A biya mataki-mataki, wato fandisho, linta, rufi, filasta, sannan gamawa, kada kuɗi su riga aiki. A yarjejeniyar gini an saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin aikin har wata shida bayan miƙa mukulli. Ni dai in so samu ne, damina ɗaya ta sauka a kan kwanon kafin a saki ragowar. A kuma faɗi tun farko wanda zai ɗauki ƙarin idan siminti ya tashi ana tsakar aiki.

Jinga ita ce mafi yawanmu ke bi, kuma takan fi sauƙi a aljihu. Kai za ka sayo bulo, yashi, tsakuwa da rodi, ka yi ciniki da birkila daban, kafinta daban, mai walda daban. Abin da ba a gaya maka shi ne ka zama ɗan kwangilar kanka, kuma babban aikinka shi ne tsara wa zai shiga, wa zai biyo bayansa. Ni da kaina na sha a nan. Birkilana ya ce: "Alhaji, yarana suna zaune, bari mu yi filastar falo kafin mai wayarin ya zo." Na amince. Bayan kwana huɗu mai wayarin ya iso da guduma da kurfi, ya tsattsaga bangon da na biya aka shafe sumul. Har yau idan rana ta hasko ta taga, ina ganin layin facin a ƙarƙashin fenti. Bututun ruwa da na shadda tun kafin a zuba kankaren daɓe ake binne su. Bututun waya kuma kafin filasta, na dakin, wato rufin kankare, kafin a zuba shi. Firam ɗin ƙofa da taga su ma su riga filasta, sannan silin, tayil, fenti a ƙarshe.

Mai jinga sauri yake yi don ya tafi wani aikin, nan ne kuma hatsarinsa yake. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi, yana kuma buƙatar bayi da ruwa, musamman a makon farko. Kafinta zai zo yana neman cire katakon dakin da wuri saboda yana da wani wurin da zai kai shi. Kada ka yarda sai injiniya ya ce a cire.

Lissafin kaya ba shi da wuya. Buhun siminti kilo 50 ne, sandar rodi mita 12, murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10. Auna bangon ka ninka, za ka gane ko bulon da aka sauke ya shiga ginin ko ya bi wata hanya. Duk yamma a ƙirga maka buhunan da aka zazzage, ka sa a littafi.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka tsallake izinin gini daga hukumar tsara birane: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kowace jiha da hukumarta. Gidan bene kuwa dole injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya zana rodinsa, ya kuma zo ya gani da idonsa kafin a zuba kankare.

Idan kana gari kuma za ka iya leƙa wurin kullum, ɗauki jinga, ka ƙara da injiniya ko gogaggen magini da kai kake biyansa kai tsaye, yana zagayowa a kowane mataki. Idan kana nesa, ba da kwangila a rubuce, shi ma mai dubawar ya zama naka, ba abokin ɗan kwangilar ba. Kada kuma ka ɗora wa ƙaninka ko surukinka wannan nauyi don kawai yana kusa, sai in ya san bambancin rodi 12 da 16 da ido.