Mai sola da ya haɗa min wutar ɗakin kafinta: inda ya burge ni da inda muka saɓa

Da na yi ritaya sai na mayar da garejin gidana a Kano wurin aikin katako. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce tun ta ƙuruciya. Da janareta nake yanka har aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, daga nan duk teburin da na haɗa sai kuɗin fetur ya cinye rabin daɗinsa. Mutum uku na kira su duba wurin. Biyu a waya suka ba ni farashi. Na ukun, wani matashi da yaransa ke kira Injiniya, ya zo da na'urar auna wuta ya ce, "Baba, kunna min zarton nan in gani."

Wannan awon ne ya sa na ba shi aikin, duk da kuɗinsa ya fi na sauran. Injin zartona doki biyu ne, wato wajen watt 1,500 idan yana gudu. Amma motar irin wannan inji, a daƙiƙar da za ta tashi, tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci a guje. Ya nuna min lambar da idona. Saboda haka ya hana ni sayen inbata (na'urar da ke juya wutar batiri ta zama irin ta gida) mara nauyi da ake yayi, ya kawo mai taransifoma ta 5kVA, wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta, don ita ce ke jure wannan fizgar. Ya haɗa da batirin lithium mai volt 48 da farantan sola shida masu watt 550. Injin fere katako kuwa, mai doki uku, kai tsaye ya ce in bar shi a kan wutar layi ko janareta. Da ya so ya ci kuɗina, da ya ce inbatar za ta ɗauka.

Wayarin ɗinsa tsaf. Layin garejin daban da na cikin gida, waya mai kaurin murabba'in milimita 6 daga babban allo, kowane inji da abin katse wutarsa, ya kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa don kariya daga jan wuta. Soket ɗin ma ya ɗaga su sama da tsayin teburin aiki, ba sai na sunkuya ba. Tun da aka raba layin uwargida ta daina leƙowa tana cewa firij ya yi ƙara.

Inda ya gaza shi ne bai san garin katako ba. Ya kafe inbatar a bangon da ke fuskantar zarto. Cikin sati shida fankarta ta toshe, ta riƙa ɗaukar zafi tana kashe kanta da tsakar rana. Na kira shi sau uku kafin ya zo, abin da ya ɓata min rai ƙwarai. Da ya zo dai bai yi musu ba, ya mayar da ita da batirin ɗakin ajiya na bayan bango, kuɗin ƙarin waya kawai na biya.

Sai maganar zafi. A Afrilu garejin mai rufin kwano tanderu ne, waje ma ya haura digiri 40. Shawararsa in sa na'urar sanyaya ɗaki. Na ƙi, kuma har yau ina ganin ni ke da gaskiya. Matatarta za ta cika da ƙura a yini guda, ga shi za ta raba batiri da zarto. Abin da ya yi min aiki shi ne silin, da fankar bango mai zuƙe iska waje, da taga a ɗaya gefen.

Ashe ma ba zafi ne babban abokin gabar katako a nan ba, sauyin danshi ne. Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta ya haye 70. Katako yana sha yana amayarwa, kuma a faɗinsa yake motsi, ba a tsawonsa ba. Akwatin madaci da na haɗa da damina, kafin Janairu murfinsa ya tsage. Durowar da na yi da hunturu kuma ta ƙi buɗuwa a Agusta sai da guduma. Galibin katakon da nake saye a 'Yan Katako na Na'ibawa daga kudu yake zuwa da sauran ruwansa, don haka yanzu nakan jera shi da 'yan sanduna a tsakani, nesa da ƙasa, ya yi wata biyu ko uku a garejin kafin zarto ya taɓa shi. Wannan a hannun wani tsohon kafinta na koya, ba a hannun Injiniya ba, kuma ban ga laifinsa ba, ba fanninsa ba ne.

Maƙwabcina mai walda ya nemi lambarsa, na ba shi, na ce ya tsaya a kansa ranar da zai zaɓi bangon da zai kafe inbata.