Wace waya da wane agogo za ka saya idan kompaila za ka ɗora musu?

Tambayar ta fi fitowa daga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Madina da Makka, sai kuma samarin Jidda da ke koyon shirya manhaja da daddare bayan an tashi daga aiki. Mutum ya rubuta ɗan ƙaramin harshen shirya manhaja, ko ya ɗauko wanda wasu suka rubuta, kompailarsa, wato manhajar da ke fassara kod zuwa umarnin da na'ura ke ganewa, tana aiki lafiya lau a laftof, yanzu kuma yana son ya gan ta a waya, har ma a agogon hannu. Me zai saya? Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, ɗan abin da aka tara ne daga mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, ko albashi, ga harajin kashi 15 da ake ɗorawa kan kaya a Saudiyya tun 2020.

Kafin ka nufi kasuwar wayoyi ta titin Falasɗinu a Jidda ko ka buɗe Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, ka san wanne kake so cikin abu biyu, domin su ne za su raba maka kasuwar gida biyu. Ko dai kompailar ta zauna a laftof tana fitar da kod ɗin da waya za ta gudanar, ko kuma ita kanta ta koma cikin wayar, mutum ya rubuta kod a allonta, ya danna, ta fassara ta gudanar nan take. Na farkon kusan kowace na'ura mai ƙofar masu shirya manhaja za ta karɓa. Na biyun shi ne inda kamfanoni suka sha bamban ƙwarai, kuma a nan ne mutane ke zubar da kuɗinsu.

Ni dai Android nake cewa a fara da ita, ba kuma babbar cikinsu ba. Dalilin a fili yake. Da Termux kaɗai, manhajar da ke ba ka allon rubuta umarni irin na Linux a waya, za ka samu clang da make da git da Python a cikin wayar ba tare da ka fasa tsaron tsarinta ba, ka ga kenan tun daren farko za ka san ko kompailarka na ginuwa a kan ARM, nau'in furosesar da wayoyi ke amfani da ita. Android tana kuma barin manhaja ta rubuta umarnin na'ura a ƙwaƙwalwa ta gudanar da shi nan take, abin da ake kira JIT. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, wajen riyal 94, in ma gwaji kawai kake yi ko ita ba ka buƙata, kebul da adb, manhajar da ke ba laftof damar aika wa waya umarni, sun wadatar.

Sai dai akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata su shiga lissafinka tun a shago. Daga Android 10, wadda ta fito a 2019, manhajar da aka gina bisa sabuwar ƙa'ida ba ta da izinin gudanar da fayil ɗin da ita ta rubuta a ma'ajinta na kanta. To wannan kuwa shi ne ainihin aikin kompaila: ta rubuta fayil, ta ce a gudanar. Abin da ya sa Termux ta tsaya kan tsohuwar ƙa'ida kenan, sabuntawarta a Play ta tsaya a 2020, jama'a suka koma ɗauko ta daga F-Droid, wata rumfar manhajoji ta daban. Idan niyyarka manhajarka ta shiga Play, tun yanzu ka tsara ta gudanar da kod a ƙwaƙwalwa ko ta hanyar tafinta, wato manhajar da ke karanta kod tana aiwatar da shi kai tsaye ba tare da ta fitar da umarnin na'ura ba. Ta biyun ta zo da Android 12, wadda ta fara kashe ƙananan ayyukan da manhajoji ke haifarwa idan jimillarsu ta wuce 32 ko suka cika cin furosesa. Kana tsakiyar gini, ka leƙa WhatsApp ka dawo, sai ka tarar da saƙon "signal 9", aikin rabin sa'a ya tafi. A Android 14 an sa maɓallin kashe wannan takurawar a cikin zaɓuɓɓukan masu shirya manhaja. Saboda haka wayar da za ta zama ta aikinka ta kasance mai Android 14 ko sama, RAM giga 8 in da hali, ma'aji giga 128. Kyamara da kyawun gilashi ba su shafe ka ba, kada mai shago ya ja ka can.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne waya ta biyu, wadda mutane ke rainawa. Wa kake rubuta wa harshen nan? Idan ƙannenka ne a Kano ko Damagaram ko Gadarif, da ɗaliban da za su koma gida bayan sun kammala, to wayoyin da ke hannunsu ba irin na babban shagon Jarir ba ne. Yawancinsu ƙananan Tecno ne da itel da Redmi masu RAM giga 2 ko 3, kuma da yawa cikin masu araha, musamman masu Android Go, furosesarsu mai bit 64 ce amma tsarin da aka ɗora mata mai bit 32 ne. Kwalin ba zai gaya maka ba. Ga yadda ake ganewa: ka shiga saiti, ka danna lambar gini sau bakwai ƙofar masu shirya manhaja ta buɗe, ka haɗa kebul, ka rubuta adb shell getprop ro.product.cpu.abilist. Idan ka ga arm64-v8a a farkon layi, bit 64 ce. Idan armeabi-v7a kaɗai ta fito da 'yar'uwarta armeabi, to ka samu abin da kake nema, ka saye ta, domin ita ce za ta tona duk inda kompailarka ta ɗauka cewa adireshin ƙwaƙwalwa bayit 8 ne. A ɗaya gefen kuma akwai wayoyi tun daga Pixel 7 ta 2022 da ba sa karɓar manhajar bit 32 sam. Dole kompailarka ta iya fitar da duka biyun, kuma ta mai arahar ce ta fi wuyar kwaikwayo a laftof, domin ƙarancin ƙwaƙwalwa da jinkirin ma'aji sai a hannu ake jin su.

Akwai kuma batun girman shafin ƙwaƙwalwa, wato gutsuren da tsarin ke yanka ƙwaƙwalwa a kai. Shekara da shekaru Android na amfani da kilobayit 4, daga Android 15 aka fara tallafa wa 16, Play kuma ta sa 1 ga Nuwamba 2025 a matsayin ranar da sababbin manhajoji za su fara bin wannan. Duk kompailar da aka rubuta 4096 ƙiri-ƙiri a cikinta a matsayin girman shafi za ta iya faɗuwa. Wannan kam ba sai ka sayi waya dominsa ba, na'urar kwaikwayo ta Android Studio tana da tsarin kilobayit 16 kyauta.

iPhone fa? Na san a ƙasar nan ita ce a hannun kowa, kuma mutum na son abin da ya gina ya hau wayar da abokansa ke riƙewa. Amma ka lissafa da kyau. Xcode, kayan gina manhaja na Apple, ba ya aiki sai a Mac. Rajistar Apple dala 99 ce kowace shekara, wajen riyal 370. In ba ka biya ba, manhajar da ka ɗora wa wayarka kwana 7 take yi ta daina buɗewa sai ka sake sa mata hannu. Babbar matsalar kuma ita ce iOS ba ta barin manhajar kasuwa ta ƙirƙiri umarnin na'ura ta gudanar, wato babu JIT. Masu dabara sun zagaye: manhajar a-Shell tana fassara C zuwa WebAssembly, wani kod na tsakiya da ba na furosesar wayar ba, sannan ta gudanar, manhajar iSH kuwa kwaikwayon furosesar x86 take yi ta gudanar da Alpine Linux a kai, shi ya sa take da nauyin jiki. Python ma sai a 3.13, cikin Oktoba 2024, ta amince da iOS da Android a hukumance, duk da ɗimbin masu aiki a kanta. Idan harshenka na da tafinta mai kyau, iPhone za ta karɓe shi. Idan dogaronsa duka kan JIT ne, sayen iPhone ba zai warware komai ba.

Wanda ya ƙudurta shiga ɓangaren Apple, shawarata ya fara sayen Mac kafin waya, ko da tsohuwar Mac mini mai M1 ce ta 2020. Ita ma arm64 ce, shafinta kilobayit 16, kuma tana bin ƙa'idar kiran aiki irin ta Apple, wadda ta saɓa wa ta Android a wurare masu cizo. Misali ɗaya: aiki irin printf, mai karɓar adadin ƙimomi da ba a ƙayyade ba, a Android ana zuba masa su a rajistocin furosesa, a Apple kuwa a kan tarin ƙwaƙwalwa, wato stack, ake jera su. Kompailar da ba ta san wannan ba za ta buga maka lambobin da ba ka san daga ina suka fito ba, alhali sauran komai daidai yake. Haka nan nau'in char na harshen C a Apple mai alama ne, wato yana iya sauka ƙasa da sifili, a Android kan ARM marar alama. Duk wannan za ka kama shi a Mac. Abin da Mac ba za ta nuna maka ba shi ne haramcin JIT, domin na'urar kwaikwayon iPhone da ke cikinta ba ta tilasta shi. Ranar da ka kai nan, ka ari waya ko ka sayi tsohuwa.

A agogo kuwa, cire rai da cewa kompaila za ta zauna a ciki tana aiki mai nauyi. Batirin ƙarami ne, allon bai isa rubutu ba, tsarin kuma na saurin kwantar da duk abin da ke gudana a baya. Abin da ke yiwuwa shi ne kod ɗin da ka fassara a wani wuri ya gudana a kansa, ko ɗan tafinta mai sauƙi irin na Lua.

Mafi sauƙin shiga shi ne Wear OS, tsarin Google na agogo. Samsung ta bar tsarinta na Tizen ta koma Wear OS da Galaxy Watch4 a 2021, agogo mai RAM giga 1.5 da ma'aji giga 16, kuma ana samun na hannu da yawa. Android ce a ciki, adb na shiga ta Wi-Fi, NDK ɗin da ka yi amfani da shi a waya, wato kayan gina kod ɗin C na Android, shi ne dai. Yawancin agogunan Wear OS tsarin bit 32 suke gudanarwa, ka ga wahalar da ka sha kan ƙaramar wayar nan ta biya ka sau biyu. Ka dai lura kada a miƙo maka Watch3 ko Active2, waɗannan Tizen ne, kuma Watch4 ba ya haɗuwa da iPhone.

Apple Watch shi ne mafi tsada, ba don farashinsa kaɗai ba: sai da iPhone yake tashi, sai da Mac ake gina masa. Tun daga Series 4 ta 2018 yana amfani da wani tsari na daban mai suna arm64_32, umarnin bit 64 amma adireshin bit 32. Idan kompailarka na tafiya kan LLVM, ginshiƙin da kompailoli da yawa ke dogara da shi wajen fitar da umarnin na'ura, an riga an share maka hanya. Idan kai ka rubuta mai fitar da umarnin da hannunka, aiki ne sabo fil. A 2025, da watchOS 26, Series 9 da 10 da Ultra 2 suka koma cikakken arm64, don haka mai son ya gamsar da tsofaffi da sababbi gini biyu ne a gabansa. Ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya fara da nan ba.

Garmin da Amazfit agoguna ne masu kyau, amma ƙofarsu ƙunci gare ta. Garmin harshensa Monkey C ne, Zepp OS na Amazfit kuma JavaScript. Sai dai kompailarka ta riƙa fitar da rubutun waɗannan harsunan maimakon umarnin na'ura. Su kuwa agogunan nan masu kama da na Apple da ake zubawa a tebur a shagunan tsaraba kusa da Harami, ka bar wa alhazai su kai wa yara. Babu kayan gini, babu takardun bayani, babu ƙofar shiga.

Akwai rukunin da nake so ƙwarai ko da yake ba za ka gan su a shagon eXtra ba, sai an yi oda daga waje: agogunan da aka yi don a buɗe su. PineTime na da RAM kilobayit 64 kacal da ma'ajin ciki kilobayit 512, yana gudanar da tsarin InfiniTime, akwai kuma tsarin wasp-os mai MicroPython. Bangle.js 2 na da kilobayit 256, yana gudanar da JavaScript ta Espruino. A nan babu kamfanin da zai hana ka, na'urar taka ce har ƙasa, amma kowane bayit sai ka yi lissafinsa. Wanda ya sa harshensa ya numfasa a kilobayit 64 ya koyi abin da shekara guda kan babbar waya ba za ta koya masa ba. Illarsu ita ce masu amfani da su 'yan kaɗan ne. Makaranta ce, ba kasuwa ba.

Zafin ƙasar nan ma ya shiga lissafi. Apple da kanta ta ce iPhone an yi ta ne don yanayi tsakanin digiri 0 da 35, Makka kuwa da rani tana haura 40. Waya in ta ɗumama rage gudun furosesa take yi, sai ka auna saurin kompailarka da safe ka samu wani abu, bayan la'asar ka samu wani, ka shiga neman laifin kod ɗin da ba shi da laifi. A yi awo a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a cire rigar wayar, a zare caja. Siririyar waya mai ƙarfi ta fi saurin sarewa a dogon gini fiye da matsakaiciya mai kauri.

Idan na hannu za ka saya, kuma don wannan aikin na hannu ya wadatar, kada ka yi cinikin biri a sama. Ku haɗu da mai kayan, ka zo da laftof da kebul ɗinka, ka gwada ramin caji da adb tun a wurin, domin akwai wayar da ke karɓar wuta amma ramin ya daina ɗaukar bayanai. Ya cire asusunsa na Google ko na Samsung a gabanka kafin a goge wayar, in ba haka ba za ta tashi tana neman kalmar sirrinsa. Apple Watch kuwa sai ya raba shi da iPhone ɗinsa da hannunsa, ka ga agogon ya koma allon farko yana neman sabuwar waya, sannan ka miƙa kuɗi.